Rudu Huɗu

Bara albasarmu ta ruɓe a rudu
tun damina ba ta kankama ba.
Ka dubi ta sama, ja wur, lafiya lau,
ka cusa hannu ƙasa, ka taɓo ruwa mai ɗoyi.
Buhu sittin muka kwaso daga fadamar Wurno,
sha tara suka isa kasuwa.

Kawu Dandare ya ce baki ne:
"Wani ya wuce ya yaba ta, bai ce tubarkalla ba."
Inna Hajo ta ce takin zamani:
"Kun ɗirka mata gishirin Bature, mi kuka so ta yi?"
Ni kuwa na rantse ban-ruwan ƙarshe ne ya yi yawa,
na ɗaga murya, don a tuna na yi makaranta.

Luba ƙanwata ba ta tanka ba
sai da aka suɗe kwanon tuwo.
Ta ce, "Kowa ya kawo zatonsa.
To wa zai yarda albasa ta ƙaryata shi?"

Bana sai muka raba gona da igiya.
Kashi ɗaya muka hana taki,
ɗaya muka janye wa ruwa da wuri,
ɗaya muka bari yadda muka saba,
don in babu tsohon ma'auni
da me za a gane sabon ya cika?
Na huɗu, Luba ta roƙa a bar mata:
a tuge, a shanya da ganyenta kwana goma,
kada wuƙa ta taɓa wuya sai ya bushe.
Na yi dariya. Dariyar ma ta rubuta.

Iri ɗaya, rana ɗaya, karan rufi ɗaya.
"Abu guda ake canzawa," in ji ta,
"in ka canza biyu, wa za ka kama?"

Kawu ya ce ina nasa kason?
Muka ce ya tara masu yabo su yabi duka huɗun,
kada wani rudu ya ce an yi masa rowa.

Kowace Laraba mu buɗe mu ƙirga,
ita da fensir, ni da hanci.
Tara. Sha ɗaya. Goma. Biyu.
Wata ya mutu, wani ya tsaya,
rudun da na kafa wa ƙahon zuƙa
yana ta zubar min da mutunci a ƙasa.
Na so in ɓoye ruɓaɓɓu uku a aljihu.
Wallahi na so.
Amma wa zan cuta, in ba buhun baɗi ba?

Na ce, "Luba, kin ci."
Ta ce, "Tukuna. Gani ɗaya ba sani ba ne.
Ƙila inuwar giginya ce ta taimaki nawa,
ƙila iska ta fi ratsa gefen gabas."
Ta kwafe takardar da hannunta
ta aika wa Tukur Maidamma a hayin gulbi,
mutumin da bai taɓa yarda da maganar gidanmu ba.
"Shi nake so," ta ce. "Zai nemi kuskurena da fitila."

Tukur ya gwada. Saƙonsa ya iso jiya:
busasshen wuya ya fi jurewa, gaskiya ne,
sai dai ta ƙasan rudunsa duk ta tsiro,
abin da tamu ba ta yi ba.

Kawu ya murmusa ya ce, "Baki."
Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.
Luba ta lashi yatsa ta juya shafi,
ta rubuta a sama: Me ya sa ta tsiro?
Ta dube ni. "Igiyar nan fa, ina ka aje ta?"